Raƙumin Dawa Ba Kurma Ba Ne

Kafanchan,
18 ga Satumba, 1977

Zuwa ga ƙanena Gilbert,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Regina da yara. Ina roƙon Allah ya tsare ku a wannan gari naku mai yawan mota da hayaniya, ya ba ka ƙarfin aiki, ya raya mana yaran cikin tsoronsa. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, har ta so ta yi yawa, don katangar bayan gidana ta zube, awakin unguwa sun mai da lambuna nasu. A ƙauye acca ta nuna, an soma yanka, citta kuma ta yi ganye gwanin sha'awa. 'Yar'uwarmu Emilia da mijinta suna lafiya, ciwon bayan nan nata ya yi sauƙi. A makaranta kuwa, tun da gwamnati ta ce kowane yaro ya zo, sun zo. Aji biyu nake da su a gindin mangwaro, in hadari ya taso sai mu kwashi allo mu ruga coci. Ina ƙorafi, amma ina jin daɗin ganinsu.

Na gama gaisuwa yadda Mama, Allah ya ba ta hutawa, ta koya mana. Abin da ya rage a takardar nan ba mai daɗi ba ne, don haka ka nemi wuri ka zauna, kuma ka karanta da kanka, kada ka ba Regina ta karanta maka kana cin abinci. Zancen Baba ne. Ka san tun makon Ista da ya faɗi a bakin rijiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki kuma ya rufe. Har yau bai ce uffan ba. Likita ya sallame mu da cewa abin da ya rage sai jinya da addu'a, shi ya sa na ɗauko shi zuwa gidana, na ba shi ɗakin da tagarsa ke duban tashar jirgin ƙasa. Da safe Emilia ke zuwa ta zauna da shi, ni kuma in karɓa in na taso daga makaranta. Muna juya shi, muna shafa masa man kaɗanya, muna ba shi kunun acca cokali-cokali. Yana sha, ba laifi, har kumatunsa sun ɗan ciko. Haka muke tafiya har ƙaninsa, Baba Kumai, ya zo daga ƙauye da buhunsa da sandarsa ya tare a falona, wai ya zo jinyar wansa.

Ranar da ya iso ya nuna mana likitancinsa. Ya durƙusa, ya kafa baki a kunnen Baba, ya kwarma masa kira har kajin A'i maƙwabciyata suka watse. Baba bai ko ƙifta ba. Ya ɗauko tasa da cokali ya kaɗa masa a ka kamar mai kiran yara makaranta. Shiru. Sai ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya sanar da mu cewa kunne ya bi baki. Wai dama haka abin yake, wanda ba ya magana ba ya ji, mu dubi kurman da ke dako a kasuwa. Na ce masa mutumin da ya tsufa yana jin wannan kwarmato nasa ai yana da dalilin da zai yi kamar bai ji ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, ban san maganarsa za ta zauna ba. Ta zauna daram. Daga ranar masu zuwa dubiya suka daina gaishe da Baba. Mu suke gaisarwa, su leƙa shi kamar ana duba buhun citta ko ya bushe, su girgiza kai, sannan su zauna a bakin gadonsa su buɗe hira. A nan aka tattauna wa zai gaji gonar bakin rafi. A nan aka yi gardamar ko sa za a yanka ko awaki sun isa. A nan aka yi musun ko a ƙauye za a kwantar da shi kusa da kakanni, ko a maƙabartar coci kusa da Mama. In ina gida nakan kore su falo, amma ni ba kullum nake gida ba, Emilia kuwa ka san ta, ko kaza ba ta iya kora.

Ana cikin haka Leonard ɗan gidan fasto, wanda kuke aiki tare, ya sauka da saƙonka. Ina makaranta, amma Emilia ta ba ni labari kalma-kalma, tana ba ni tana kuka. Ruwa ake yi, falo yana yoyo, sai Baba Kumai ya ja shi ɗakin Baba. Yaron nan yana da kunya, ya ce gara su fita waje tukuna, maganar ba ta nan ba ce. Baba Kumai ya ce ya faɗi abinsa, ai da wannan da bango duk ɗaya ne. Sai Leonard ya faɗa. Ya ce ka ce hutu ɗaya tak kake da shi a shekara, kuma tun da an rubuta maka cewa Baba ba ya magana ba ya ji, zuwanka yanzu ba zai amfani kowa ba. Wai za ka ajiye hutun sai ranar da ake bukatarka, tun da a gidanmu ɗa namiji ne ke yin saran farko a kabarin uba, kuma kai kaɗai ne namijin. Wai in ta faru a buga maka waya nan take. Sannan ya kwance ƙunshin da ka aiko, ga kwat baƙi sabo fil, da farar riga, da safa, wai na kwanciyar Baba ne a kabari don kada a ji kunya. Suka yaba yadin. Suka shimfiɗa kwat ɗin a kan Baba, daga wuya zuwa gwiwa, don su ga ko ya yi masa. Gilbert, Baba yana ƙarƙashin kwat ɗin, idonsa a rufe, yana numfashi.

Ba su tsaya nan ba. Baba Kumai ya ce tun da ɗa ya yi nasa, bai kamata a bar sauran aiki ba, kuma katakon akwatin gawa ba ya bushewa da wuri da damina. Ya aika aka kira Martins kafinta. Na shigo da littattafan yara a ka, jiƙe sharkaf, na tarar da Martins ya ja tef daga ƙoƙon kan ubanmu zuwa diddigensa, fensir a bayan kunne, yana tambaya ko da takalmi za a sa shi don ya ƙara wuri. Ban san lokacin da na fizge tef ɗin na wurga shi cikin randa ba. Abin da na faɗa wa kowa a ɗakin nan ba zan rubuta shi ranar Lahadi ba. Martins, bawan Allah, ba laifinsa ba ne, kiransa aka yi. Ya fita da baya yana ba da haƙuri, ya bar hularsa. Da ɗaki ya yi shiru na juya wajen Baba, sai na ga hawaye ya gangaro daga idonsa na hagu ya shige cikin kunne. Baba Kumai, daga bakin ƙofa, ya ce ruwan ciwo ne kawai, idon marar lafiya haka yake yi. Daga ranar Baba ya datse haƙora. In na kawo cokali sai ya juya ido bango. Kumatun da muka sha wahala suka ciko sun koma.

Ina zaune da kwanon kunu yana hucewa a hannuna sai labarin raƙumin dawa ya faɗo mini. Ban sani ba ko ka riƙe shi, don kai a cinyar Mama kake yin barci kafin a kai tsakiya, kuma lokacin da ka yi wayo Baba ya gaji da ba da shi. Bari in maimaita maka. Yana saurayi, bayan an gama layin dogon nan namu, ya bi aikin reluwe arewa har wajen Nguru, yana cikin leburorin da ke share daji gaban masu shimfiɗa ƙarfe. A can ya fara ganin raƙuman dawa, su uku, uwa da uba da ɗa in ji shi, tsaye can nesa cikin farar ƙaya suna zarar ganye. Kwana da kwanaki suna nan. Ana sara, ana buga guduma a kan ƙarfe, ana waƙar aiki, helma shugaban leburori yana zagi, su ko a jikinsu. Ba kuma wanda ya taɓa jin kukansu. Sai leburori suka yanke cewa dabbar kurma ce, Allah ya ba ta wuya ya hana ta kunne. Baba shi kaɗai ya ƙi. Ya ce shi ya ga kunnuwan, ba sa zama wuri ɗaya, wannan ya juya gabas wancan ya juya yamma alhali kan bai motsa ba, kuma kunnen da ba ya aiki ba zai wahalar da kansa haka ba. Suka yi ta yi masa ba'a, har suka sa masa suna lauyan raƙumi.

Ran nan mai gadin sansanin, wanda ke da bindiga, ya ce zai kawo musu nama su gani. Ya zaga ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, ya laɓe bayan wani suri, nesa ƙwarai. Baba yana bayansa, don shi aka sa ya riƙe masa gorar ruwa. A wurin aiki ana ta buga guduma kamar kullum, dabbobin suna cin ganyensu. Mutumin ya ja kunamar bindiga baya, ta ce ƙas, ƙarar da ba ta fi ta karya tsinke ba. Baba ya ce kunnuwa shida suka juyo lokaci ɗaya kamar an ja su da zare, kafin a ɗaga bindigar sun ba da baya, kuma ba su sake dawowa ba. A nan yakan tsaya, ya ɗaga yatsa, ya ce mana guduma ba ta shafe su ba shi ya sa suka ƙyale ta, amma da abin da ya shafe su ya zo ai kun gani. Sai Mama ta ce to lauya, a bar yara su kwanta.

Da na shiga kwalejin horar da malamai na je na bincika, don ka san ni, ko Baba ba na karɓar zancensa sai na duba. Littattafan ba su daidaita a kan muryar dabbar ba. Wani ya ce ba ta da murya sam, wani ya ce tana da ita, takan yi huci in ta firgita, ɗanta kuma yakan yi kuka ƙasa-ƙasa, sai dai ba kasafai ake ji ba. Amma a kan ji ban ga gardama ba. Duk sun ce kunnenta yana da kaifi kamar idonta, kowane kunne yana juyawa shi kaɗai ya kamo motsin da ke cikin ciyawa, har ƙananan dabbobi sukan yi kiwo kusa da ita, in ta ɗaga kai ta tsaya cik kowa ya san akwai magana. Na dawo hutu na gaya wa Baba cewa Turawa sun yarda da shi. Ya ce to, in gaishe su, sun yi ƙoƙari.

Ban taɓa yarda da likitancin Baba Kumai ba, amma rashin yardata ba hujja ba ce, kuma a gidan nan maganar mace sai da shaida. Sai na yi abin da Baba ya yi a dajin Nguru. Na daina jiran baki, na sa ido a kan abin da ke motsi. Kunnen mutum ba ya juyawa, amma fatar ido tana motsi, hannun hagu ma yana motsi. Ka tuna mutumin nan ya ƙare ƙarfinsa yana juya layi a tashar nan, ya san kukan kowane jirgi kamar yadda na san muryar yaran ajina. Jirgin kwal ya taso daga Inugu yana girgiza kwanon gida, Baba bai motsa ba. Injuna suna kai da kawowa a loko, wajen gyaran jirage, suna karo da taragu, bai motsa ba. Jirgin Jos ya yi busa, bai motsa ba. Amma ranar jirgin Legas, tun yana can bayan gada ta wajen Kaduna, tun ni da nake da lafiya ban ji komai ba, sai na ga idonsa ya buɗe, babban yatsansa ya danna tabarma. Sai can na ji busar, siririya. Idon ya tafi bakin ƙofa, sannan ya janye shi da sauri ya mayar bango, kamar wanda ya tuna wani abu. Na tambayi Emilia ko ta taɓa ganin haka. Ta ce ai tun da aka kawo shi yake yi, ita ta ɗauka ciwon ne. Ta ce a da ba ya janye idon. Yakan kafa shi a ƙofa ya jira fasinja su fito, masu dako su wuce, kekuna su wuce, har sawun ƙarshe ya ɗauke a layinmu, sannan ya rufe. Ya san tsawon lokacin da mutum mai akwati ɗaya zai ɗauka daga tasha zuwa ƙofata. Tun ranar Leonard ne ya daina jira.

Duk da haka na so hujjar da ko Baba Kumai ba zai iya kira ruwan ciwo ba. Da la'asar A'i ta shigo da ƙosai, don ita kaɗai ce a unguwar nan ba ta fasa gaishe shi ta taga ba, ta yi gaisuwar ta kuma amsa wa kanta a madadinsa. Na zaunar da ita a bakin ƙofar ɗakin, na kira Baba Kumai ya zo ya ci ƙosai, na ce zan ba su labarin raƙumin dawa. Ban ɗaga murya ba, da gangan. Na ba da shi daidai har wajen gardamar leburori, sai na murɗe shi. Na ce duk leburorin nan sun gane dabbar tana ji, mutum ɗaya ne mai taurin kai ya dage wai kurma ce, wani ɗan ƙauye sunansa Zamani. A'i ta ce haba Malama, Baba Zamani da kansa? Na ce shi fa. Ban rufe baki ba muka ji ƙarar kofi a siminti. Ya miƙa hannun hagun nan da ƙyar ya ture shi daga kan kujera. Muka juya, ga idonsa a kaina, irin kallon da yake mana in mun yi ƙarya muna yara. A'i ta yi salati ta saki ƙosai. Na durƙusa na ce ya yi haƙuri, lauyan raƙumi shi ne mai gaskiya, duk sauran ne wawaye. Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ja sama. Tun Ista ban ga wannan ba, kuma ban san dariya tana iya zafi haka ba.

Baba Kumai ya so ya yi gardama. Ya ce iska ce ta ture kofin, kuma dai mace ba ta da baki a zancen kabari. Na ce masa zancen kabari bai zo ba tukuna, wannan zancen mai rai ne, a ƙarƙashin kwanona, kuma iskar da ke da yatsu biyar ban taɓa koyar da ita a aji ba. Na ce in yana da gaskiya ya shiga ya gaishe da wansa da yarenmu, a hankali, yadda ake gaishe da mutum, ba yadda ake kiran shanu ba. Ya shiga don ya kunyata ni. Ya durƙusa ya kira shi da sunan nan na yarinta da ba wanda ya sani sai su biyu. Baba ya juyo ido ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ban san abin da ya gani a idon ba. Ya fito yana laluben bango, ya zauna a kan turmi a tsakar gida, yayyafi yana dukansa. Can ya tambayi Emilia ko a cikin ɗakin ne ya yi zancen gonar bakin rafi. Ta ce kullum. Ya tambaya zancen sa da awaki fa. Ta ce shi ma. Tsohon nan ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka kamar yaro. Na yi niyyar korarsa ƙauye, har na ɗaure masa buhunsa, amma na fasa. Yanzu shi ke juya Baba da safe, yana yi yana ba shi labarin mutanen da suka yi kiwo tare, murya ƙasa-ƙasa. Shi ya gane kuskurensa cikin yini ɗaya, kuma bai yi makaranta ba.

Saura kai. Na san ba mugunta ce ta sa ka aiko da wannan saƙo ba. An gaya maka ba ya ji, ka yarda, don yarda da hakan ta fi sauƙi ga mai aiki da iyali a Legas. Ka lissafa hutunka kamar ma'aikacin kirki, ka zaɓi ranar da jama'a za su gan ka da diga a hannu su ce ɗan Zamani ya cika ɗa. To, ina so ka san abin da ka saya da wannan zaɓi. Ubanka ya ji da kunnensa cewa ɗansa ɗaya namiji yana jiran waya. Ya ji nauyin kwat ɗinka a ƙirjinsa. Mutumin da bai taɓa son ya ɓata wa kowa lokaci ba, wanda ko jirgi ya makara sai ya ji kamar laifinsa ne, me kake tsammani zai yi in ya ji cewa numfashinsa ne ya hana ka zuwa gida? Ya daina cin abinci, Gilbert. Yana ƙoƙarin kawo ka gida ta hanyar da ka ce za ka zo. Al'adar saran farko ban raina ta ba, na ga an yi wa kakanmu, na ga yadda Baba ya riƙe digar. Amma ƙasar da za ka sara ba za ta san wa ya sare ta ba. In ranar ta zo ba ka da hutu, Baba Kumai zai sara a madadinka, in ya ƙi ni zan ɗauki digar, su kai ni ƙara gaban dattawa, na saba. Abin da ba wanda zai iya yi a madadinka shi ne ka shigo ɗakin nan ka ce Baba, ga ni. Na gwada. Muryata ba taka ba ce.

Ga kwat ɗinka nan na mayar maka tare da wannan takarda, a hannun gadin jirgin gobe, wato mai kula da taragun fasinja, wanda Baba ne ya koya masa aiki kuma ya yi mini alkawarin zai kai har ofishinka. Ban taɓa shi da almakashi ba ko da yake na so. Yadi ne mai kyau, Regina ta iya zaɓe. In kana son Baba ya sa shi, ka ɗauko shi da hannunka, mu zaunar da shi, ka sa masa da kanka, ka gaya masa ya yi masa kyau yana ji. Ban ce masa za ka zo ba, don ba zan yi masa ƙarya sau biyu a wata ɗaya ba. Abin da na gaya masa shi ne ina rubuta maka, kuma na faɗa maka duk abin da ya faru, har da kofin. Jiya ya buɗe baki ya karɓi cokali kaɗan. Yau ma ya karɓa, bai kai na jiya ba. Ni ba likita ba ce, gidan nan ya ƙoshi da likitoci, amma ina ɗaga shi kullum, kuma hannuna ya san abin da ke raguwa. Kada ka aiko da amsa a takarda, kada ka aiko da Leonard, yaron nan har yau in ya hango ni sai ya canza hanya.

Emilia da mijinta suna gaishe ku. Baba Kumai ya ce in gaya maka shi ne ya sa aka rubuta maka zancen kurumta, kada ka ɗora wa kowa. A'i ta ce ka zo ta ga ko har yanzu kana iya cinye ƙosan sisi a tsaye. Fasto da matan zumunta suna gaisuwa, suna kuma yin addu'a. Ka gaishe mini da Regina ƙwarai, ka ce na gode da ɗawainiya, fushina ba da ita ba ne. Ka shafa mini kan Bernice da ƙaramar Mildred. Da na karanta wa Baba sunayen masu gaisuwa, na tambaye shi ko in sa nasa, sai ya kama hannuna ya riƙe har alƙalamin ya ɗiga. Tabon da ka gani a gefen takardar nan nasa ne.

In ka sauka, kada ka tsaya gaisawa da mutanen tasha, duk za su so su tare ka. Ka ɗauki akwatinka ka taho kai tsaye. Ya san tsawon tafiyar.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kuma kawo ka da wuri.

Ni ce yayarka,
Afiniki